Babi na Biyar: Wayar da ke Aljihun Ma'aikaciyar Jinya

Ma'aikaciyar jinyar da ke bin tsofaffi gida-gida, ko a wace ƙasa take, aikinta yakan fara ne tun daga bakin ƙofa. Kafin a gama gaisawa idonta ya riga ya zaga ɗakin. Ta ga abincin daren jiya yana nan a rufe ba a taɓa shi ba, ta ga ƙwayoyin maganin hawan jini ba su ragu yadda ya kamata ba, ta kuma lura cewa yau sai da tsohuwar ta dafa bango kafin ta miƙe, abin da ba ta yi ba makon jiya. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Daga nan ta wanke hannu, ta kwance gyambon da ke dunduniya, ta duba ko ya tsuke ko ya ƙara baki, ta sake ɗaure shi, ta auna jini, ta saurari kukan rashin barci. Duk wannan lokaci akwai waya a aljihunta, ɗauke da manhajar da wurin aikinta ya ɗora mata. Wata ma'aikaciyar takan ciro wayar tun tana zaune a gefen gado, domin a ciki za ta ga hoton gyambon na kwana uku da suka wuce ta kwatanta da na yau. Wata kuwa sai ta fita waje, ko ma sai dare ya yi ta koma gida, sannan ta cike guraben da aka wajabta mata cikin gajiya da ƙunar rai. Wayar iri ɗaya ce, aikin ma iri ɗaya. Abin da ya raba matan nan biyu shi ne wanda aka yi manhajar dominsa tun farko.

Maganar ba ƙarama ba ce, domin tsofaffi suna ƙaruwa fiye da yadda masu kula da su suke ƙaruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mutanen da suka kai shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1, a 2030 za su kai biliyan 1.4, wato mutum ɗaya cikin kowane shida, a 2050 kuma biliyan 2.1, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Tsoho kuwa ba kasafai yake zuwa da ciwo ɗaya ba. Ga hawan jini, ga suga, ga ciwon gwiwa, ga ji da gani suna raguwa, ga magunguna biyar ko shida da likitoci daban-daban suka rubuta, wani bai san abin da wani ya bayar ba. Jinyarsa ta shekaru ce, kuma hannuwa da yawa ke yin ta. Irin wannan aiki yana buƙatar wurin da bayanai za su taru, wanda kowa zai iya leƙawa, kuma waya ta dace da wannan fiye da kowane littafin rijista. Shi ya sa gwamnatoci da kamfanoni suka yi ta zuba kuɗi wajen ƙera manhajoji. Amma da yawa daga cikinsu sukan mutu a hannun ma'aikata bayan an gama bikin ƙaddamarwa.

Dalilin da aka fi bayarwa shi ne wai ma'aikatan ba sa son sauyi, ko kuma manya daga cikinsu ba su iya waya ba, don haka maganin shi ne a ƙara musu bita. Ban yarda da wannan ba. Matar da aka ce ta kasa amfani da manhajar wurin aiki ita ce ke tura kuɗi ta waya, ita ce ke aika wa abokiyar aikinta hoton ciwo ta WhatsApp tana tambayar shawara, ba wanda ya kai ta bita a kan ko ɗaya. Tun a 1989 wani masani ɗan Amurka, Fred Davis, ya binciki abin da ke sa ma'aikaci ya karɓi sabuwar fasaha, ya ware abu biyu: ganin amfaninta da kuma sauƙin sarrafa ta. Abin da ya samu shi ne ganin amfani ya fi sauƙi nauyi nesa ba kusa ba. Mutum zai jure wa na'ura mai wuyar sha'ani idan tana rage masa wahala, amma ba zai ƙaunaci mai sauƙi ba idan ba ta tsinana masa komai. To abin tambaya shi ne, amfani ga wa? Manhajar da ke da amfani ga akanta ko shugaban ofis ba lallai ta amfani wadda ke durƙushe gaban tsohuwa tana wanke mata ƙafa ba.

Ƙasar Holan ta ga fuskokin al'amarin duka biyu, shi ya sa labarinta ya cancanci a tsaya a kansa. A shekarun 1990 aikin jinyar gida a can ya koma hannun manyan ƙungiyoyi, waɗanda suka yanyanka shi zuwa ƙananan ayyuka, kowanne da farashinsa da mintocinsa: wanka minti kaza, allura minti kaza, sa safar matse ƙafa minti kaza. Wani ofishi can nesa ne ke tsara wa kowace ma'aikaciya gidajen da za ta je da lokacin da za ta isa. Aikin da ba ya buƙatar ƙwarewa sai a tura mai ƙaramin albashi, mai buƙatar ƙwarewa a tura wata, har ya zama tsoho ɗaya yana iya ganin baƙin fuskoki barkatai a wata guda, kowacce sai ya sake ba ta labarin ciwonsa daga farko. Ma'aikata kuma suna rubuta lokacinsu daki-daki, minti biyar-biyar. Akwai kwamfuta a wannan tsari, akwai bayanai jingim, amma duk sama suke tafiya domin a fitar da lissafin kuɗi. Babu abin da ke dawowa hannun wadda ta rubuta su.

A 2006 wani ma'aikacin jinya mai suna Jos de Blok ya ajiye aikinsa, ya haɗu da 'yan abokan aiki kaɗan a garin Almelo suka kafa Buurtzorg, kalmar da ke nufin jinyar unguwa. Tsarin mai sauƙin faɗi ne. Ƙungiyar ma'aikata da ba ta wuce mutum 12 ba ita ke riƙe da unguwa guda mai majinyata kamar 50 zuwa 60. Ba su da shugaba a kansu. Su ke karɓar sabon majinyaci, su tsara wa kansu aiki da hutu, su ɗauki sabuwar ma'aikaciya, su yi hulɗa da likitan unguwa da dangi da maƙwabta. Cikin kusan shekara goma ma'aikatan suka haura 10,000 a ƙungiyoyi fiye da 800, alhali babban ofishinsu bai wuce mutum 50 ko kusa da haka ba. Abin da ya sa hakan ta yiwu shi ne manhajarsu, BuurtzorgWeb, wadda aka ƙera tun a shekarun farko tare da ma'aikatan da kansu, kuma kowacce ke buɗe ta a kan kwamfutar hannu a cikin ɗakin majinyaci.

Yana da kyau a duba abin da ke cikinta da kyau, domin a nan hujjar take. Ginshiƙinta shi ne wani tsarin rubuta jinya da ake kira tsarin Omaha, wanda ma'aikatan jinya masu bin gidaje a birnin Omaha na jihar Nebraska a Amurka suka fara haɗawa a shekarun 1970. Ya tattara matsaloli 42 a fannoni huɗu: muhallin da mutum ke zaune, halin zuciyarsa da zamantakewarsa, lafiyar jikinsa, da ɗabi'unsa da suka shafi lafiya kamar ci da barci da shan magani. A kan kowace matsala ma'aikaciya za ta ba da maki daga 1 zuwa 5 a abu uku: abin da majinyaci ya sani game da ita, abin da yake yi a kanta, da halin da take ciki yanzu. Ma'ana, guraben da take cikewa su ne tambayoyin da ita kanta take yi wa zuciyarta tana shiga ɗaki. Kaɗaici yana da gurbinsa, rashin kuɗi yana da nasa, gajiyar ɗiyar da ke jinyar uwa ma tana da nata. Idan abokiyar aikinta ta zo da yamma, za ta tarar da abin da aka gani da safe, ba sai ta sake tambayar tsohuwa ba. Lissafin kuɗi kuma an sauƙaƙa shi zuwa farashi ɗaya a kan awa, sai ya zama ba ta da buƙatar rarrabe wanka da allura. A manhajar ne ƙungiya take ganin alƙaluman aikinta ta kwatanta da na sauran ƙungiyoyi, a nan kuma ma'aikaciya za ta jefa tambaya a kan wani ciwo da ya shige mata duhu, wata da ke wani gari ta amsa mata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma masu ɗakin aka tambaya kafin a yi rufi.

Mai ƙorafi zai ce ai nasarar Buurtzorg ta tsarin aiki ce, manhaja rakiya kawai ta yi. Wannan gaskiya ne, kuma ita ce maganar da nake yi. Manhaja ba ta da wani hali nata na kanta, halin wurin da ya haife ta take ɗauka. Inda aka yarda da hankalin ma'aikaciya za a ƙera mata abin da ke taimaka wa hankalin nan, inda kuma ake zarginta za a ƙera abin da ke gadinta. Sai dai ya kamata a faɗi alƙaluman yadda suke, ba tare da kambamawa ba. Binciken da kamfanin KPMG ya yi wa gwamnatin Holan, wanda ya fito a 2015, ya nuna cewa majinyacin Buurtzorg yana cin awa 108 na jinya a shekara, yayin da matsakaicin sauran ƙungiyoyi ya kai 168. Awarsu ta fi tsada saboda ma'aikatansu sun fi ilimi, kuma da aka haɗa da kuɗin asibiti da na gidajen tsofaffi, jimillar abin da ake kashewa a kan majinyaci ta dawo kusan daidai da ta kowa. Wato ba a samu wata arha ta ban mamaki ba. Abin da aka samu shi ne jinya mai gamsar da majinyata cikin awoyi kaɗan, da ma'aikatan da suka yi ta zaɓen wurin a matsayin wurin aikin da ya fi kowanne a ƙasar.

A ɗaya gefen kuma ga Amurka. A 2016 majalisarta ta zartar da wata doka wadda a cikinta aka wajabta wa jihohi tabbatar da kowace ziyarar masu kula da tsofaffi da naƙasassu a gida ta hanyar na'ura, matuƙar shirin lafiya na gwamnati mai suna Medicaid ne ke biya. Abu shida ake so a rubuta: irin aikin, wanda aka yi wa, wanda ya yi, ranar, wurin, da lokacin farawa da gamawa. Jihohi da dama suka aiwatar da wannan ta manhajar waya mai nuna inda mutum yake tsaye. A cikin abubuwa shidan nan babu ko ɗaya da ke gaya wa mai aiki yadda tsohon ya kwana. Kuma rayuwa ba ta tsayawa a cikin gida: idan ta raka shi asibiti ko kanti, na'ura na iya nuna cewa ba ta wurin aiki. Idan sabis ya ɗauke, ko manhaja ta ƙi buɗewa, awar da ta yi tana iya ɓacewa daga lissafi. A jihar Arkansas, a 2021, an ruwaito yadda albashin masu wannan aiki ya yi ta makalewa bayan an kawo sabon tsarin, mutanen da tun asali abin da suke samu bai taka kara ya karya ba. A takarda za a ce kowa ya karɓi manhajar, tunda wanda bai taɓa ta ba ba zai ga kuɗinsa ba. Amma tilas daban, karɓa daban, kuma bayanan da aka shigar da tilas su ne mafi ƙarancin abin da zai sa na'ura ta yi shiru.

Ba na raina hujjar masu son sa ido. Kuɗin jama'a ne, ana kuma samun masu karɓar ladan ziyarar da ba su yi ba, kuma tsohon da gigin tsufa ya kama ba zai iya kai ƙarar kowa ba. Wajibi ne a kare shi. Amma a duba wace shaida ce ta fi ƙarfi. Na'urar nuna wuri tana tabbatar da cewa waya ta shiga gida, ba ta tabbatar da cewa an juya mara lafiya a kan gado ko an ba shi ruwa ba. Rubutun jinya na gaskiya, mai ɗauke da girman gyambo da awon jini da abin da aka ci, wanda abokan aiki goma sha ɗaya za su karanta gobe su kwatanta da abin da idonsu ya gani, ya fi wuyar ƙirƙira. Idan manhaja ta yi wa ma'aikaciya aiki, hujjar da ofis ke nema za ta fito daga cikin aikin da kanta, ba sai an ɗora mata wani nauyi dabam ba.

Akwai wani tsoron da ya fi wannan zurfi, kuma shi na fi girmamawa: cewa waya za ta shiga tsakanin mai jinya da wanda ake jinya. Tsoho yana lura da wanda ke kallonsa da wanda ke kallon allo, wani lokaci ma ziyarar nan ita kaɗai ce hirar da zai samu a yinin. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2016, inda aka bi likitoci 57 ana lura da yadda suke kashe lokacinsu, ya gano cewa a kan kowace awa ɗaya da suka yi da majinyata, sukan yi kusan awa biyu a gaban kwamfuta da aikin tebur. Wannan ba jita-jita ba ce. Sai dai takarda ma tana cin lokaci, kuma ma'aunin da ya dace a riƙe shi ne: me manhajar ta ɗauke daga kan ma'aikaciya a ranar da ta zo? Idan ta zo ta tarar da fom uku ta kashe su, lokaci ya dawo gefen gado. Idan ta zo ta zama ta huɗu, to an ƙwace shi daga bakin tsohon.

Ko manhajar da aka yi da kyakkyawar niyya tana iya zama kaya idan ba a shirya abin da zai biyo bayanta ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagoran kula da tsofaffi mai suna ICOPE tare da manhajarsa. Gwajin farko gajere ne. Za a faɗa wa tsoho kalmomi uku ya riƙe a tambaye shi daga baya, a tambaye shi kwanan wata da inda yake, a ce ya tashi daga kujera sau biyar cikin daƙiƙa 14 ba tare da dafa hannu ba, a tambaya ko ya rasa fiye da kilo 3 cikin wata uku ko cin abincinsa ya ragu, a yi masa raɗa a ji ko ya ji, a duba ganinsa, a kuma tambayi halin zuciyarsa cikin mako biyu da suka wuce. Masu kula da tsofaffi a birnin Toulouse na Faransa sun ɗauki wannan da gaske tun daga 2020, suka gwada fiye da mutum 10,000 cikin ƙasa da shekara biyu. Fiye da tara cikin goma sun nuna alamar rauni a fanni ɗaya aƙalla. Kowace alama kuwa aiki ce: sai an kira, an sake dubawa, an tura wurin likita. A Toulouse an ajiye ma'aikatan jinya na musamman masu bin waɗannan alamu. Inda babu irin wannan, ma'aikaciya za ta gano cewa tsoho ba ya ji sosai, ta rubuta, ta dawo bayan wata uku ta tarar ba abin da ya faru, kuma ita za ta haɗa ido da iyalinsa. Ba za ta daɗe tana yin gwajin ba.

Wani zai ce duk wannan labarin ƙasashen masu kuɗi ne. Amma wayar aiki ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tun wajen 2012 masu allurar shan-inna a jihohin arewacin Najeriya suke yawo da wayoyin da ke nuna unguwannin da suka shiga, abin da ya taimaka wajen gano rugage da ƙauyukan da ake tsallakewa. Wannan ya dace da aikin kwana huɗu mai tambaya ɗaya, an je ko ba a je ba. Jinyar tsoho tambayarta ta fi haka yawa, kuma ranar da za a kawo mata manhaja a asibitocinmu na matakin farko, za ta tarar da malamar asibiti wadda rijistoci suka riga suka yi wa katutu, ga fom ɗin ƙarshen wata, ga layin masu awon ciki. Idan aka ce ta rubuta a littafi sannan ta sake shigarwa a waya, da datar da ta saya da kuɗinta, da cajin da ta biya a shago, an riga an san inda abin zai ƙare. Tambayoyin ma sai an mayar da su namu. Tsohuwar da ke lissafi da watan Musulunci da ranar kasuwa ba rikicewa ta yi ba don ta kasa faɗin kwanan watan Bature. Gidan da babu ma'auni, zanen da ya fara kwancewa ko zoben da ya fara zamewa shi ne shaidar rama. Dattijon da ya koma yin salla a zaune ya riga ya ba da labarin gwiwarsa. Kuma mafi yawan jinyar tsofaffinmu 'ya'ya mata da surukai da jikoki ne ke yin ta a cikin gida, don haka manhajar da ba ta ba malamar asibiti abin da za ta gaya musu da Hausa ba ta bar rabin aikin a baya. Ga kuma sirri. Hoton jikin dattijuwa ba abin da za a bari yana yawo a wayar da yara ke wasa da ita ba ne, kuma Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023.

Don haka ga duk mai riƙe da kuɗi ko muƙami da aka kawo wa irin wannan manhaja ya sa hannu, a ma'aikatar lafiya yake ko a ƙungiyar agaji, roƙona shi ne kada ya yanke hukunci a ɗakin taro. Ya ba wa ma'aikata biyar ko shida ita su yi wata guda da ita a gidajen tsofaffi na gaske, a inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Sannan ya tambaye su wane littafi ko fom suka daina cikewa, me suka gani a cikinta wanda ya canza abin da suka yi wa majinyaci a ranar, kuma wa ya amsa lokacin da ta nuna matsala. Idan ba su da amsar ko ɗaya, a mayar wa mai ita ya gyara kafin a kashe mata ko kwabo.